Saba biyu a ɗaki ɗaya: wa zai raba gardama idan suka daina jin juna?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawara. Kamfanin da nake wa aiki yana sarin kayan masarufi ne, ofis da babban sito suna Bompai, muna da shaguna a kasuwar Singa da wani ƙaramin sito a Sharaɗa. Rasit, lissafin kaya, bashin da muke bin 'yan kasuwa, duk suna kan manhajar rumbun bayanai ta SQL Server 2019 a saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke jone da ita, guda ɗaya tal. Kwanakin baya abin wutarta ya ƙone, aka wuni ana yanka rasit da biro, motoci sun yi layi har bakin titi. Yanzu Alhaji ya sa an sayo saba ta biyu irin waccan, ya ce ba ya son ya ƙara jin an ce sistem ya tsaya. Niyyata in haɗa su a kulasta ta Windows Server, idan ɗaya ta faɗi ɗayar ta karɓa da kanta. Inda na maƙale: Failover Cluster Instance zan yi ko Availability Group? Kuma wai dole sai mun sayi SAN, akwatin faifan ajiya da sabobi ke tarayya a kansa?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Kafin a je can, ƙanina, sabar biyun a ina za su zauna, kuma daga ina suke shan wuta?

Ɗan Fagge: Ɗaki ɗaya, Yaya, rak ɗaya. UPS ɗinmu babba ne, zai ɗauke su duka.

Baban Ummi: To ka ga an fara. Mu ajiye wannan tukuna, Na Sharaɗa zai zo ya yi maka wankin babban bargo a kai. Bari in amsa abin da ka tambaya.

Failover Cluster Instance, SQL Server ɗaya ne da saba biyu ke karɓa-karɓa a kansa, amma kwafin bayanan guda ɗaya ne, yana zaune a ma'ajiyar da dukkansu ke gani. Shi ya sa ake maganar SAN. Sabar farko ta mutu, ta biyu ta kama faifan, ta tayar da SQL Server, ya warware cinikin da aka bari a rabi, ya ci gaba. Daɗinsa, komai yana tafiya tare: masu shiga da kalmomin sirrinsu, ayyukan dare na SQL Agent, duk rumbunan da ke ciki. Illarsa, idan akwatin SAN ɗin nan ya samu matsala, sabarka biyu sun zama kayan ado. SAN mai kwakwalwa biyu da hanyar wuta biyu kuwa, kuɗinsa na iya kai na sabar biyu a haɗe. Akwai Storage Spaces Direct da ke haɗa faifan cikin sabobin su zama ma'ajiya ɗaya, tun Windows Server 2016, amma sai bugun Datacenter, kuma yana son katin sadarwa mai gudu sosai.

Availability Group kuwa, wanda ya zo da SQL Server 2012, kowace saba da nata kwafin a nata faifan. Ta farko tana tura wa ta biyu duk abin da aka rubuta. Babu SAN. Tunda kuna da saba biyu kowacce da faifanta, ni nan zan karkata.

'Yar Gwale: Na yarda da Baban Ummi, amma Ɗan Fagge, wane bugu ne a hannunku, Standard ko Enterprise? Kuma rumbun bayanai nawa manhajar taku take amfani da su?

Ɗan Fagge: Standard ne, Anti. Rumbu biyu: na ciniki da na albashi.

'Yar Gwale: To a Standard abin da za ka samu shi ne Basic Availability Group, tun bugun 2016 aka sa shi. Sharuɗɗansa: rumbu ɗaya a kowane rukuni, kwafi biyu kacal, kuma ba ka karanta komai daga ta biyu, ko bakof, wato kwafin ajiya, ba a ɗauka daga can. Kada ka yi wa akanta alkawarin zai riƙa jan rahoton ƙarshen wata daga sabar da ke jiran ko-ta-kwana, ba zai yiwu ba. Rumbunanka biyu za su zama rukuni biyu, kowanne da sunan da ake kiransa da shi. Idan ba sa leƙa juna, ba damuwa. Idan kuwa manhajar albashi tana ɗauko kamashon masu talla kai tsaye daga rumbun ciniki, wata rana ɗaya zai koma saba ta biyu ya bar ɗan'uwansa a ta farko, ka ga kuskuren da ba ka taɓa gani ba. Ka tambayi wanda ya rubuta manhajar.

Sai lasisi. Sabar da ke zaune ba ta aiki, ba kyauta take ba sai kuna da Software Assurance, wato ƙarin yarjejeniyar lasisi ta Microsoft. Gara Alhaji ya ji wannan daga bakinka yanzu.

Auta: Ni fa ban gane wahalar nan ba. PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai irin SQL Server, kyauta ne. Ka sa Patroni ya riƙa juya ragama, ka sa etcd ya riƙa ajiye wace saba ce ke riƙe da ita, ka ɗora HAProxy a gaba ya riƙa kai manhaja wajenta, shi ke nan an wuce wajen. Kuɗin lasisin ka sayi batir da shi.

'Yar Gwale: Auta, manhajar ba shi ya rubuta ta ba. Za ka je ka sake rubuta musu ita ne kafin azumi?

Auta: A'a Anti, ni dai na faɗi ne 😅

Baban Ummi: Maganar Auta ba banza ba ce ga mai fara sabon aiki. PostgreSQL yana tura kwafi kai tsaye tun bugu na 9.0 a 2010, kuma Patroni da kamfanin Zalando na Jamus ya fitar ya ga jiya ya ga yau. Amma Auta, etcd ɗin nan guda nawa ake sawa?

Auta: Uku.

Baban Ummi: Me ya sa ba biyu ba?

Auta: Saboda rinjaye. Raft, tsarin ƙuri'ar da etcd ke bi, yana son fiye da rabi su amince.

Baban Ummi: Madalla. To wannan ita ce maganar da nake so Ɗan Fagge ya ji, don ita ce zuciyar aikin, ko Windows ne ko Linux. Galera, kulastar rumbun bayanai na MariaDB, ita ma uku take so, ko biyu da ɗan alƙali a gefe.

Ɗan Fagge, sabobinka suna aika wa juna ɗan saƙo kowace daƙiƙa, ina nan, ina nan. A Windows Server 2016, idan suna layi ɗaya aka rasa goma a jere, sai a ɗauka ɗayar ta tafi. To amma saba ta biyu ba ta da hanyar sanin ko ta farko mutuwa ta yi ko kuwa waya ce kawai ta katse tsakaninsu. A wajenta duk shiru ne. Ka ɗauka bera ya ci waya, ko wani ya tuntuɓe ta. Ta farko tana raye, Bompai na rubutu a kanta. Ta biyu ta ce 'yar'uwata ta mutu, ni ce mai gida yanzu, Singa ta fara rubutu a kanta. Katan ɗari biyu na taliya da suka rage a sito, Bompai ta sayar wa mutumin Haɗeja, Singa ta sayar wa mutumin Maraɗi, kowa da rasit ɗinsa mai lamba ɗaya. Tsayawar sistem ta wuni guda ta fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, don tsayawa kowa ya gan ta, wannan kuwa sai an zo lodi.

Don hana haka aka sa ƙuri'a. Ɓangaren da ba shi da rinjaye sai ya kashe kansa. Da saba biyu babu rinjaye, ɗaya da ɗaya ne. Windows yana dabarar cire ƙuri'ar ɗaya ya bar wa ɗaya, amma idan mai riƙe da ƙuri'ar ce ta faɗi farat ɗaya, kulastar duka ta tsaya, ga lafiyayyar saba tana kallonka. Saboda haka dole ka sa shaida, ƙuri'a ta uku. Iri uku ne: ɗan faifai a ma'ajiyar haɗaka, wanda ba ka da ita, jakar fayil da aka raba a wata na'ura ta daban, ko shaidar gajimare a Azure, wato sabobin Microsoft da ake kaiwa gare su ta intanet. Ba bayananka take ajiyewa ba, abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Aikinta kawai wanda ya riga kama ta shi ne da rinjaye.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri, Yaya. To in sa ta Azure mana, tunda ba sai na sayi komai ba?

Na Sharaɗa: Ka manta 14 ga Maris 2024? Ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE gaba ɗaya, bankuna suka rikice? Balle mu nan da ko gyaran kwalbati aka yi sai an datse faiba.

Baban Ummi: A yi wa shaidar gajimare adalci. Idan intanet ta ɗauke alhali sabobin biyu suna ganin juna, kulasta ba ta tsayawa, biyu cikin uku suna nan. Matsalar sai an haɗa biyu, ba intanet kuma saba ta faɗi. Sai dai a garin nan abubuwan biyu sukan zo tare, don abin da ya kashe sabar sau da yawa shi ne ya kashe rauta. Ni da zan zaɓa, jakar fayil a wata 'yar na'ura cikin harabar, amma a wani ɗakin, kan wani batirin. Tun Windows Server 2019 ba sai na'urar tana cikin domen ba, wato tsarin Windows mai riƙe da asusun kwamfutocin kamfani, ko rauta mai ramin USB da ke jin SMB 2 ta isa. Abin da ba a yi shi ne ɗora shaidar a kan ɗaya daga cikin sabobin biyu. Na sha ganin an yi haka, an ƙirƙiri 'yar kwamfutar bogi a cikin saba ta farko an ce ita ce shaida. Ranar da sabar ta faɗi, ƙuri'a biyu ta tafi da su.

Na Sharaɗa: To yanzu a ba ni fili. Ɗan Fagge, ka ce UPS ɗaya. Suwic ɗin da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a kansa fa?

Ɗan Fagge: Ɗaya, Oga.

Na Sharaɗa: Na'urar sanyaya ɗaki?

Ɗan Fagge: Ita ma ɗaya 🙈

Na Sharaɗa: To saba ɗaya gare ka mai jiki biyu. Ni aikin wuta nake yi wa masana'antu, kuma abin da na gani yana kashe saba a Kano ba sabar ba ce. Wuta ce, da zafi, da ƙura. A watan Afrilu ana haura digiri 40 a waje. Ɗaki rufaffe mai saba biyu, AC ta tsaya da azahar, kafin la'asar sun kashe kansu don zafi, kuma tare za su yi, ba wadda za ta jira ta karɓi wata. Lokacin hunturu ka buɗe murfin saba ka ga fankokin sun yi dam da jar ƙura kamar an yaɓa musu. Batun wutar gwamnati kuwa, kowa ya tuna Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi, Arewa ta kwana fiye da mako a duhu. Wanda ya dogara da inji ɗaya a lokacin ya ji a jikinsa, don inji ba a yi shi ya yi ta gudu ba hutu ba sabis.

Abin da zan ce ka yi, ba mai tsada ba ne idan ka gwada da kuɗin sabar. Kowace saba mai kan wuta biyu ce, ka duba bayanta. Kai ɗaya ya tafi UPS na farko, ɗaya ya tafi na biyu ko inbata mai batirin sola, kuma kada su haɗu a fiyus ɗaya. Suwic biyu, kowace saba da waya zuwa kowanne. AC biyu suna karɓa-karɓa. Sannan ka duba lokacin da inji ke ɗauka kafin ya tashi idan an ɗauke wuta, ka gwada da abin da batirin UPS ɗinka ke iya riƙewa yau, ba abin da aka rubuta a kwali ba. Batir a zafin nan ba ya kai shekarun da aka yi masa alkawari.

Kawu: Ni duk na karanta, kuma ku yi haƙuri, ban ga abin da ya kai yaron nan ga kulasta ba. Shi kaɗai ne ma'aikacin kwamfuta a kamfanin, ko ba haka ba? Ranar da ya tafi ɗaurin aure Gaya, kulasta ta rikice, wa zai taɓa ta? Na ga wuraren da saba ɗaya ta yi shekaru lafiya, aka kawo kulasta, tsayawar ta ƙaru. Ku tambayi Alhaji tambaya biyu: minti nawa zai iya jurewa ba sistem, kuma cinikin minti nawa zai iya jure ɓatansa. In ya ce rabin awa da minti biyar, to log shipping ya ishe shi. Kowane minti biyar a kwashi log, wato kundin duk abin da aka rubuta a rumbun, a kai saba ta biyu, ta farko ta mutu a juya da hannu. Ba ƙuri'a, ba shaida, ba rabuwar kai. Kashi 99.9 cikin ɗari ma kusan awa tara ne na tsayawa a shekara, kuma kasuwar Singa ba ta ci da daddare.

Ko manya abin yana kayar da su. Kamfanin GitHub a Oktoban 2018, sadarwa ta yanke musu na daƙiƙa 43 kacal, na'urar da ke juya ragama da kanta ta mayar da rubutu can gaɓar yammacin Amurka, aka samu bayanai a nan da babu a can. Sai da suka yi sama da awa 24 suna gyara.

Baban Ummi: Kawu, maganarka dutse, ban ƙi ta ba. Tambayoyin nan biyu su ya kamata a fara da su. Inda na saɓa maka shi ne minti biyar ɗin. A wajen mai sari, minti biyar na safiyar Litinin tirela ce guda an yi lodi an tafi, babu ita a lissafi. Availability Group idan an sa shi a yanayin jiran tabbaci, ba a ce wa mai kanta ciniki ya shiga sai log ɗin ya sauka a faifan saba ta biyu. Abin da aka ba rasit ba ya ɓata. Kuma sai a wannan yanayin ne juyawa da kai ke aiki. Ga wata riba da ba a cika faɗa ba: sabunta Windows. Ka sabunta ta biyu, ka juya, ka sabunta ta farko, ba sai ka kwana a ofis ba.

Kawu: Na ji. Amma a rubuta takarda, mataki-mataki, a manna a ƙofar rak, yadda ko akanta zai iya bi idan an kira shi a waya. In ba a yi wannan ba ina nan kan bakana.

Ɗan Fagge: Kawu ya kawo min wani tunani. Me zai hana in kai saba ta biyu sitonmu na Sharaɗa? Wuta daban, gini daban. Muna da rediyon sadarwa tsakaninmu.

'Yar Gwale: Jiran tabbaci yana nufin kowane ciniki sai ya je Sharaɗa ya dawo kafin rasit ya fito. Idan rediyon ya yi tangal-tangal, kowane mai kanta zai ji a yatsunsa. Idan ya yanke sama da daƙiƙa 10, ta farko za ta daina jira ta ci gaba ita kaɗai, wato kariyar ta tafi ba wanda ya sani. Kuma duk tsawon yankewar log ba ya raguwa, yana ta kumbura har ya cika faifai, rumbun ya ƙi karɓar rubutu. Wannan shi ne ya fi kama mutane. Masu cewa a kai Legas ma su yi lissafi: haske a faiba yana cin wajen kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, Legas kusan kilomita dubu ce, zuwa da dawowa kashi goma ke nan kafin a sa jinkirin na'urorin hanya.

Shawarata, biyun su zauna Bompai, in da hali a ɗaki daban-daban da faiba tsakaninsu. Sharaɗa kuma ka kai tsohuwar kwamfuta mai babban faifai, ka yi mata log shipping ɗin Kawu. Basic ba zai ba ka kwafi na uku ba, amma log shipping yana tafiya tare da shi lafiya lau. Ka sa mata jinkiri na wasu awanni da gangan.

Auta: Jinkiri da gangan kuma? Don me?

'Yar Gwale: Don kulasta ba bakof ba ce. Wani ya goge teburin bashi bisa kuskure, kafin ya ɗaga hannu daga madannai an goge shi a saba ta biyu ma, aikinta ke nan. Haka masu garkuwa da bayanai, idan suka shiga domen duka biyun za su kulle. Kamfanin GitLab a ƙarshen Janairun 2017, injiniyansu yana gyaran kwafi ya goge bayanan babbar sabar, aka duba hanyoyin bakof aka tarar ba sa aiki, suka yi asarar bayanan wajen awa shida. Mai jinkiri ita ce ke ba ka damar komawa kafin ɓarnar. Kuma a riƙa ajiye kwafi ɗaya a faifan da ba ya jone da komai.

Tunda na fara, Ɗan Fagge rubuta waɗannan. Rumbun ya kasance a Full recovery, yanayin da ke riƙe log har sai an ɗauki bakof ɗinsa, ka ɗauki cikakken bakof kafin ka sa shi a rukuni, kuma ka tsara bakof na log, in ba haka ba zai cika ko rediyo bai yanke ba. Ka gudanar da gwajin tantance kulasta na Windows kafin ka ƙirƙire ta, ka karanta jan rubutu da rawaya duka. Ka buɗe ƙofa ta 5022 tsakanin sabobin, ƙari a kan ta 1433. Kada ka mayar da sabobin kulastar su zama masu riƙe da domen, wannan aikin a ba wata na'ura, kuma kada ita ma ta zama guda ɗaya. Asusun kulastar yana buƙatar izinin ƙirƙirar suna a Active Directory, kundin sunaye na domen, in babu, sunan da manhaja za ta riƙa kira ba zai tashi ba.

Ɗan Fagge: Jama'a na dawo da rahoto. An raba wuta, an ƙaro suwic, shaida tana ofishin akanta kan inbatarsa. Jiya bayan an tashi na zare wa saba ta farko wuta gaba ɗaya. Kafin in zagaya gaban allo ta biyu ta karɓa, komai kore. Amma manhajar ta ƙi shiga. Kwamfutocin ofis suna cewa an ƙi mai shiga, na Singa da na gwada ta nesa kuma ba sa ma ganin sabar.

'Yar Gwale: Matsala biyu ce daban. Ta ofis: asusun shiga na SQL Server suna zaune a rumbun master, wanda SQL Server ke ajiye saitin kansa a ciki, shi kuwa ba ya bin rukuni. Ko ka ƙirƙiri mai suna iri ɗaya a ta biyu, lambar shaidarsa ta ciki, wato SID, ta bambanta, rumbun ba zai gane shi ba. Ka goge shi, ka sake ƙirƙira da SID ɗin na farko da kalmar sirri iri ɗaya. Ayyukan SQL Agent ma haka, sai ka kwafe su da hannu, ka sa kowanne ya fara duba ko sabarsa ce ke riƙe da ragama kafin ya yi komai. SQL Server 2022 ya kawo rukunin da ke tafiya da waɗannan a cikinsa, amma kai 2019 gare ka.

Ta Singa: na tabbata an rubuta musu adireshin IP na tsohuwar saba ne a fayil ɗin saiti. A canza zuwa sunan rukunin. Ka kuma gaya wa masu kanta, duk cinikin da ake tsakiyar shigarwa lokacin juyawa zai warware, su duba kafin su sake bugawa.

Baban Ummi: Zare wuta shi ne gwaji mai sauƙi. Saura mai wuyar: ka bar ta farko a kunne, ka zare mata wayoyin sadarwa duka biyu, ka tsaya a gabanta ka tabbata ta saki rumbun da kanta. Sannan ka mayar, ka kashe shaidar kaɗai, ka ga ciniki bai tsaya ba. Ka yi ranar Juma'a da an rufe an tafi masallaci, amma ka ɗauki bakof tukuna, kuma ka sa agogo ka rubuta daƙiƙa nawa kowanne ya ci, don ka san abin da za ka faɗa wa Alhaji.

Kawu: Takardar ƙofar rak fa?

Ɗan Fagge: Ina kan rubutawa, Kawu. Zan turo nan ku duba min kafin in manna.